Ranar da Anselmo Maƙeri Ya Ɗaga Hannu Shi Kaɗai

A garinmu Navalcorza da wuya ka sami gidan da babu ƙarfen Anselmo Briones a jikinsa. Ƙyauren gida, ragar taga, ƙofar garken tumaki, duk daga maƙerarsa suka fito. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kunnensa na hagu ya mutu saboda ƙarar guduma, shi ya sa in ana magana yake karkato da kai kamar mai shakkar abin da ake faɗa. Sau da yawa kuwa shakkar yake yi da gaske.

Yana saurayi aka ɗauke shi aikin soja na dole, aka tura shi Sahara, lokacin ƙasarmu na riƙe da wani yanki a can. Ya yi aboki ɗan arewacin ƙasarmu, yaro mai yawan waƙa da ba ya iya cin abinci sai ya raba da wani. Wata rana yaron ya taka nakiya a hanyar ɗebo ruwa, Anselmo na cikin waɗanda suka tattara shi a bargo. Ba a jima ba manya suka zauna suka sa hannu a takarda, aka ce sojoji su kwaso kayansu su dawo gida, an bar ƙasar. Anselmo ya dawo ya karɓi maƙerar ubansa, ya auri Pura 'yar mai gidan burodi. Ba ya ba da labarin Sahara, amma tun daga nan bai ƙara yarda da mutumin da zai hau dandamali ya ce mutuwar ɗan wani ta zama dole ba.

Da aka dawo da zaɓe a ƙasarmu, abokinsa na ƙuruciya Gaspar Olmedo, mai injin matsar zaitun, ya same shi ya ce su buɗe reshen jam'iyya a garin. Abin da ya ja Anselmo magana ɗaya ce da jam'iyyar ke maimaitawa a lokacin, wato kuɗin jama'a amana ne, hukuma ba ta da ikon kashe abin da ba ta da shi. Wannan ya yi daidai da tarbiyyarsa, don ubansa ko lanƙwasasshiyar ƙusa ya tsinta a hanya sai ya miƙe ta ya adana. A ɗakin bayan maƙera aka yi taron farko, a kan buhunan gawayi. Anselmo ke manna hotunan 'yan takara a bango, shi ke ɗauko tsofaffi daga gonaki a motarsa ranar zaɓe. Gaspar ya zama magajin gari, Anselmo ya zama kansila, suka shekara ashirin da ɗoriya a haka. Da aka haifa wa Anselmo 'yarsa Nieves, Gaspar ne ya riƙe ta a coci ranar baftisma. Daga ranar suke kiran juna kompadre, yadda uban yarinya da uban baftismarta ke yi.

Kujerun majalisar garin bakwai ne, huɗu nasu, uku na 'yan adawa. Shugabar 'yan adawar Leocadia ce, malamar makaranta, wadda ta koyar da rabin garin karatu kuma har gobe take yi wa kowa magana kamar bai yi aikin gida ba.

Sai shekarar yaƙi ta zo. Jam'iyyar su Anselmo ce ke mulkin ƙasa, ta kuma bi manyan ƙasashe zuwa wani yaƙi a can gabas mai nisa. A birane jama'a suka cika tituna, a Navalcorza mata suka rataye zannuwan gado a baranda an rubuta a kai ba a son yaƙi. Leocadia ta kawo ƙuduri cewa majalisar gari ta yi tir da yaƙin. A zama ɗaya kuma Gaspar zai kawo nasa: a ci bashin banki a gina babban zauren wasanni mai wurin ninkaya, a aza harsashi kafin zaɓe.

Ana saura 'yan kwanaki, wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar maƙera. Wani da ake kira Don Ramiro ne, sakataren jam'iyya na lardi, da Gaspar a bayansa. Ya shigo yana ɗage ƙafar wando don kada gawayi ya taɓa shi.

"Maigida Anselmo, kullum cikin wuta," in ji shi yana murmushi. "An ce mini kana ta gunaguni a shagon kofi."

"Ba gunaguni nake ba, Don Ramiro. Magana nake da ƙarfi, ni kurma ne."

"To ka rage ƙarfin. Ƙudurin matar nan wasan yara ne. Kana tsammanin a babban birni ana jiran jin ra'ayin Navalcorza kafin a harba bindiga?"

"In ba a jira, me ya kawo ka?"

Gaspar ya yi tari. Don Ramiro ya zagaya ya dubi wani ƙyaure da ke jingine, ya shafa shi da yatsa.

"Aiki mai kyau. Zauren nan zai ci ƙarfe ba kaɗan ba, ƙofofi, kujeru, shinge. Abin kunya ne a ɗauko kamfani daga waje alhali ga ka."

"Da kuɗin wa za a biya ni?"

"Da kuɗin banki."

"Banki kuma wa zai biya shi?"

"Kompadre," Gaspar ya sa baki, "kowane gari na gini. Mutanen ƙauyen gaba ma sun yi nasu. So kake mu zama abin dariya?"

"Ni da kai muka zauna a ɗakin can muka ce ba za mu kashe abin da ba mu da shi ba. Ko ni kaɗai na ji, da kunnena ɗaya?"

Murmushin Don Ramiro ya tafi. Ya ce jam'iyya gida ce, in ana da ƙorafi a cikin ɗaki ake yi, amma a gaban jama'a hannu ɗaya ake ɗagawa. Ya ce kujerar da Anselmo ke kai ba tasa ba ce, aro aka ba shi. Anselmo ya ɗauki awartaki ya ci gaba da juya ƙarfen da ke cikin wuta har suka fita.

Da rana a gida Pura ta ajiye masa kwanon wake da nama da ƙarfi har romo ya fantsala. Matar Gaspar ta riga ta kawo mata labari.

"Ka ce bayanka ne ya riƙe," ta ce. "Ka kwanta a gida ranar, ni zan je in faɗa musu. Ba ka ce i ba, ba ka ce a'a ba."

"Bayana lafiya lau."

"Na san lafiya lau. Bikin Nieves saura wata nawa? Su waye za su zo? Su waye ke kawo maka aiki? Shugaban ƙasa zai kawo maka gyaran garma?"

"Pura, 'ya'yan mutane ne za a kai."

"Ɗanka na cikinsu? Ba ka da ɗa, 'ya ɗaya gare ka, ita ma za ka ɓata mata rana."

Ya ci abincinsa a hankali. Da ya gama ya ce da ita ta goge masa kwat ɗinsa mai duhu. Ta goge, amma ba ta ƙara yi masa magana ba har ranar zaman.

Ranar kuwa zauren majalisa ya cika har matakala, abin da ba a taɓa gani ba sai in ana rikicin ruwan noma. Leocadia ta karanta ƙudurinta da muryar aji. Gaspar ya ce wannan ba hurumin ƙaramin gari ba ne. Sai Anselmo ya nemi izinin magana, ya miƙe yana riƙe da gefen tebur.

"Ni ban iya jawabi ba," ya ce. "An taɓa kai ni wata ƙasa aka ce dole mu tsare ta. Na kwashe abokina a bargo. Bayan haka aka ce mu dawo, ashe ba dole ba ne. Ban ga wanda ya je ya ba uwarsa haƙuri ba. Yanzu ma an ce dole ne, kuma waɗanda ke faɗa ba su ne za su je ba. Ga kuɗin da za a zuba a can, na jama'a ne. Ko jam'iyyata ce ta shiga yaƙin ko ta wasu, ra'ayina ɗaya."

Gaspar ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Hannu uku suka tashi a ɓangaren Leocadia, sannan na huɗu, baƙi mai tabon ƙuna, ya tashi daga gefen magajin gari. Ƙuduri ya wuce, zaure ya kaure da tafi. Wasu samari suka riƙa kiran sunansa, wata tsohuwa ta jefo masa sumba daga nesa. Gaspar bai dube shi ba, ya buga tebur ya ce a wuce zuwa batu na gaba.

Batu na gaba shi ne bashin zauren wasanni. Abin da Anselmo bai sani ba, Leocadia ta riga ta daidaita da Gaspar: za a ƙara ɗakin karatu a ginin, ita kuma za ta goyi baya, kowa ya sami abin nuna wa masu zaɓe. Ta tashi ta yi magana a kan matasa da aikin yi, aka tafa mata. Anselmo ya sake miƙewa, mutane suka yi tsit suna murmushi, suna jiran gwarzonsu.

"Garin da jana'iza ta fi baftisma yawa," ya ce, "wa zai yi ninkayar? Rufin ɗakin shan magani na yoyo, mun ce babu kuɗi. Yanzu za mu ci bashin da jikokinmu ne za su biya, su da ba a tambaye su ba. Wannan da na ɗazu duk abu ɗaya ne, mu mu yi alfahari, wani ya biya."

Murmushin jama'a ya fara gushewa. Wani daga baya ya ce tsohon ya zauna haka nan. Aka ce masu goyon baya, hannu shida suka tashi. Aka ce masu adawa, Anselmo ya ɗaga nasa shi kaɗai. Ya riƙe shi a sama har sakatare ya gama rubutu. Samarin da suka gama kiran sunansa, waɗanda ke sa ran aikin leburanci a ginin, su ne suka fara yi masa ihu. Ya sauko matakala mutane na darewa, ba don girmamawa ba.

Kafin mako ya ƙare jam'iyya ta kore shi. Wani ya zo da jan fenti ya rubuta Yahuza a ƙofar maƙerarsa, sunan wanda ya sayar da Almasihu. Anselmo bai goge ba, Pura ce ta zo da kananzir da tsumma ta kankare, tana yi tana zagin wanda ya rubuta da wanda ya jawo. A shagon kofi na dandali, teburin da ya yi shekara da shekaru yana buga karta a kai, ya tarar an sa wani a kujerarsa. Ya tsaya ya sha kofinsa a tsaye. Manoman jam'iyya suka koma kai gyara gari na gaba, hukumar gari ta daina ba shi ko gyaran benci.

Leocadia ta zo maƙera da kanta. Ta ce jam'iyyarta za ta sa sunansa a jerin 'yan takara, a sama sosai.

"Za ku janye daga bashin?" ya tambaye ta.

"Anselmo, mutane na son abin da za su gani da ido. Ba a cin zaɓe da cewa a'a."

"To malama, in zo wurinku in yi me? Ni ban bar ra'ayina ba, jam'iyyata ce ta bar shi. Ku kuwa dama ba naku ba ne."

"Hotonka nake so a bango, gaskiya ce, ba zan ɓoye maka ba. Amma kai ma za ka sami inuwa."

"Na gode. Ina da rufi."

Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Tun kana aji kake da taurin kai, in ji waɗanda suka koyar da kai. Ka zauna da gaskiyarka, ka ga ko za ta saya maka gawayi."

Aka yi zaɓe babu sunansa a ko'ina, Gaspar ya sake ci da rinjaye fiye da na da.

Abin da Pura ba ta taɓa yafewa ba shi ne bikin Nieves. An gasa raguna, an jera tebura a farfajiyar gidan cin abinci na bakin hanya, an ɗauko makaɗa. Dangin ango suka zo daga birni suka cika ɓangarensu. Ɓangaren amarya kuwa rabin kujerun babu kowa, fararen zannuwan tebur sai iska ke kaɗawa. Gaspar, wanda ya riƙe yarinyar a coci, ya aiko cewa yana da taro a lardi. Matarsa ta aiko da tukwane ta hannun maƙwabciya, alhali tsakanin gidajen biyu titi ɗaya ne. Uwar ango ta tambayi Pura a hankali ko an yi rasuwa ne a garin. Nieves ta yi rawa da ubanta tana murmushi, hawaye na ɓata mata kwalliya, ta raɗa masa a kunnen da ke ji cewa ba komai, Baba. Ya san da komai. Washegari suka rarraba nama gida-gida, wasu ma suka karɓa.

Ginin zauren wasanni ya tashi, dogo mai gilashi, kamfanin birni ya yi ƙarfen. Wani babba ya zo ya yanke kyalle, aka busa algaitun turawa, aka ci aka sha. Yaƙin kuma ya ci gaba yadda yake so. An dawo da wasu 'ya'yan mutane cikin akwatuna an lulluɓe da tuta, daga baya wata gwamnati ta zo ta janye sauran. Sai ga shi duk ɗan jam'iyyar da ka tambaya a Navalcorza cewa yake shi dama bai taɓa son yaƙin nan ba.

Bayan wasu shekaru tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe, banki ya matsa wa gari. Aka kashe rabin fitilun titi. Aka zubar da ruwan wurin ninkaya don ba a iya ɗumama shi, tattabaru suka shiga ta fasasshen gilashi suka yi gida. Likitan da ke zuwa kullum ya koma zuwa sau ɗaya a mako. A lokacin Gaspar ya riga ya haura majalisar lardi, ana jin shi a rediyo yana cewa kuɗin jama'a amana ne, dole kowa ya ɗaure ciki.

Anselmo ya ɗauka yanzu wani zai tare shi a hanya ya ce masa ashe kai ne mai gaskiya. Ba don ya yi taƙama ba, don dai ya koma kujerarsa ta karta. Babu wanda ya zo. Sai ma aka ƙara gudun sa, don ganin sa na tuna wa mutane tafin da suka yi. Wani tsohon makiyayi da suka yi makaranta tare ya tsaya a ƙofar maƙera wata safiya ya ce, "To, ranka ya yi fari yanzu? Bakinka ya kama mu."

"Ni na ci bashin?"

"Da ka yi fatan alheri kamar kowa, wa ya sani."

Anselmo ya dube shi, ya karkato da kai, sannan ya koma ya ci gaba da dukan ƙarfe.

Zuciyar Pura ta fara ba ta wahala, irin ciwon da ba ya jiran ranar zuwan likita. Nieves ta matsa su koma wurinta a bayan birnin Madrid, kusa da asibiti. Anselmo ya ja abin har ya ga Pura ta faɗi a kicin, sannan ya sayar da maƙera ga wani mai son ajiye taraktoci. Ranar tafiya, ana ɗaura katifa a kan mota, sai ga Gaspar ya ɓullo daga kwana. Ya yi ƙiba, kansa ya yi fari, yana dogara sanda mai kan azurfa.

"Kompadre, za ka tafi ba sallama?"

"Ban san akwai wanda zan yi wa ba."

"Haba. Abin da ya wuce siyasa ce, ba gaba ba. Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar nan, a zuciyata ina tare da kai. Yaƙin nan ni ma ban so shi ba. Zauren ma na san ya fi ƙarfinmu. Amma ka san yadda abin yake."

"Na san kana tare da ni," in ji Anselmo. "Tun a ranar na sani, shi ya sa na kasa yafewa. Da ka yarda da yaƙin ne tsakani da Allah, da mun yi gardama mun gaji mun je mun sha kofi."

Gaspar ya tsaya da hannunsa a miƙe. Anselmo ya dubi hannun, ya zagaya ya ja igiyar katifa ya ƙara ɗaure ta, ya shiga mota. Pura ce ta sauke gilashi ta ce da Gaspar ya gaida mutanen gida.

A birni suka zauna a wani bene mai hawa da yawa, inda babu wanda ya san ya taɓa zama kansila ko maƙeri. Da safe ya raka Pura asibiti, da yamma ya zauna a baranda yana kallon motoci, hannuwansa a kan gwiwa ba su da abin yi. Duk ranar zaɓe sai ya yi wanka ya yi aski ya je rumfar zaɓe, ya jefa ambulan da babu komai a ciki. Mijin Nieves ya taɓa tambayar sa amfanin wahalar. Ya ce don kada a ce bai zo ba.

Shi da ake ganin ƙarfe ne, shi ya riga Pura tafiya. Sanyi ya kama masa ƙirji a wani hunturu, bai tashi ba. A birnin aka binne shi, daga Navalcorza mota ɗaya ce ta zo, ita ma ba ta cika ba.

Pura na nan da ranta, tana shan magungunanta a kan lokaci. In wani ɗan garinmu ya kai mata ziyara ya kawo zancen mijinta, takan murza zoben aurenta, sannan ta ce, "Mutum ne mai gaskiya, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ba na yi wa 'yar kowa fatan irinsa." Daga nan sai ta tashi ta ce bari ta ɗora ruwan kofi, ta daɗe a kicin ɗin kafin ta fito.